Motar lantarki a zafin Kano: batirinta zai iya tashin gobara, kuma za ta ishe ni zirga-zirgar kullum?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, gidana a Hotoro, shagona a Kantin Kwari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur yake cinye mini riba, shi ya sa nake tunanin sayen motar lantarki. Wani dillali ya nuna mini guda biyu: sabuwa ƙirar China, da wata ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka wadda kuɗinta ya fi sauƙi sosai. Uwargida ta ce ba za ta yarda a kwana da irin wannan mota a gida ba, saboda ta ga bidiyonsu suna ci da wuta. A rana ina yin kamar kilomita 40, kuma duk wata ina zuwa Kaduna. Mene ne gaskiyar maganar batirin nan, kuma wacce zan ɗauka?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Tsoron da Hajiya ta nuna yana da tushe, don haka da shi zan fara.

Batirin motar lantarki tarin ƙananan ƙwayoyin batir ne na litiyam, ɗaruruwa ko dubbai, da aka jera cikin akwati ɗaya a ƙarƙashin motar. A cikin kowace ƙwaya akwai wani siririn shamaki da ya raba ɓangarorinta biyu. Idan shamakin nan ya huje, ko don an bugi batirin, ko don zafi ya yi yawa, ko don kuskure daga masana'anta, sai ƙwayar ta fara zafafa kanta da kanta, ta kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba. Abin da Hajiya ta gani ke nan. Irin wannan wuta tana da wuyar kashewa. Tana buƙatar ruwa lita dubbai, hayaƙinta guba ne, kuma takan sake tashi bayan sa'o'i, an ɗauka ta mutu.

Amma yawan aukuwarta fa? Alƙaluman hukumar agajin gaggawa ta ƙasar Suwidin na shekarar 2022 sun nuna motocin lantarki sun fi na fetur da dizal ƙarancin tashin gobara, da tazara mai yawa. Gaskiya ne yawancin na lantarkin sababbi ne, kuma tsohuwar mota ta fi sabuwa saurin kamawa. Duk da haka, mu da muke ajiye jarkar fetur a bayan ƙofa saboda janareta, mun daɗe muna kwana da abin da ya fi batir saurin kama wuta. Abin da ya dace a tambaya shi ne wane irin batir ne, me ya same shi a baya, kuma da wace irin waya za a riƙa yi masa caji.

Batura iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai NMC, mai sinadaran nikel da manganis da kobalt, wanda yake ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki, shi ya sa motocin dogon zango suka fi amfani da shi. Akwai kuma LFP, mai ƙarfe da fosfet. Wannan ya fi nauyi, zangonsa ya ɗan gaza, amma ya fi jure zafi kafin ya birkice, kuma ya fi jure yawan caji. Kamfanin BYD ya fito da nasa samfurin mai suna Blade a 2020, har ya nuna gwajin da aka soka wa ƙwayar ƙusa ba ta kama wuta ba. Tesla ma ya koma sa LFP a ƙananan samfuransa. A garin da watan Afrilu yake kai zafi sama da digiri 40, ni LFP nake ba da shawara. Ka sa dillali ya nuna maka a takardar mota, kada ka tsaya a maganar baki.

Abu na biyu, wanda masu saye suka fi mantawa da shi, shi ne yadda motar take sanyaya batirinta. Batir ya fi son yanayi tsakanin digiri 20 zuwa 30. Motocin kirki suna zagaya masa ruwan sanyi ta bututu, kamar yadda lagireto yake yi wa inji. Wasu kuwa iska kawai suka dogara da ita. Nissan Leaf, da ta fara fitowa a 2010, ba ta da ruwan sanyaya batir a tsofaffin samfuranta, kuma tun a 2012 masu ita a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka suka fara kukan batirinsu yana raguwa da sauri. Phoenix gari ne mai zafin hamada irin namu. Na kawo wannan ne saboda tsofaffin Leaf suna cikin motocin lantarki mafi araha a kasuwar motocin hannu ta duniya, kuma araha takan ja mutum. Zafi ba lallai ya sa batir ya kama wuta ba, amma yana cinye masa rai a hankali, har motar da take yin kilomita 200 ta koma yin 120.

Yanzu ga motar Amurka da aka nuna maka, kuma a nan nake so ka natsu. Da yawa daga motocin da ake shigo mana da su daga can, an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora, bayan hatsari ko ambaliya. Motar fetur idan ta sha ruwa, bakanike zai juye mai, ya busar da ita, ta ci gaba da tafiya. Batirin lantarki ba haka yake ba. Bayan guguwar Ian da ta afka wa jihar Florida a 2022, motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga sun riƙa kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, domin gishirin da ya bushe a ciki yana haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Mota irin wannan za a wanke ta, a goge, ta yi ƙyalli a filin dillali, alhali cutar tana ciki. Shi kansa dillalin wataƙila bai sani ba.

Saboda haka kafin a yi maganar kuɗi, ka karɓi lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17, a bincika tarihinta a intanet. Binciken zai nuna ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin lalacewa, kuma zai nuna ko kamfaninta ya taɓa kiran a mayar da ita gyara. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. A 2021 kamfanin General Motors ya kira dukkan motocinsa na Chevrolet Bolt, sama da 140,000, saboda lahani a ƙwayoyin batir, kuma a shekarar Hyundai ya sanar da sauya batura a motoci kusan 82,000, yawancinsu Kona. Wadda aka sauya mata batir ta samu sabo. Wadda aka fitar kafin a gyara ta, da lahaninta take yawo. Sannan a ɗaga motar sama a duba cikinta: lotsewa, tsaga ko alamar walda a jikin akwatin batir sun isa ka fasa ciniki. A sa na'ura a karanta lafiyar batirin. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan cewa batir ba zai faɗi ƙasa da kashi 70 cikin 100 ba, amma garantin Amurka ba kasafai yake bin mota zuwa nan ba.

China kuwa ta tsaurara dokarta. Ƙa'idar 2020 ta ce dole mota ta ba fasinja gargaɗin minti 5 kafin wuta ta iso gare shi. Sabuwar ƙa'idar da aka fitar a 2025, mai fara aiki ran 1 ga Yulin 2026, ta ce kada batir ya kama wuta ko ya fashe ko da ƙwaya ɗaya ta birkice, kuma ta ƙara gwajin bugun ƙasan mota. Gwajin nan ya shafe mu kai tsaye, saboda ramukan hanyoyinmu da tudun rage gudun da ake ginawa a unguwanni kamar kunyar gona. Ka zaɓi mota mai tashi daga ƙasa. Idan ka taɓa jin ta bugi dutse da ƙarfi, a duba ta kafin a sake sa mata caji. Da damina kuma kada ka kutsa ruwan da ya kai rabin taya, ko da an ce maka batirin a rufe yake.

Inda na fi jin tsoro, Alhaji, shi ne bangon gidanka. Mota a soket ɗin gida tana jan wajen amfiya 10 ba tsayawa, sa'o'i a jere. Dutsen guga yana ja ya huta, ita ba ta hutawa. Soket mai arha, siririyar waya, ko wayar ƙari da aka jawo daga falo, su ne suke narkewa cikin dare. Ka nemi ƙwararren mai wayarin ya ja mata layinta daban tun daga allon rarraba wuta, da waya mai kauri, da bireka mai katse wuta idan ta zube, da na'urar kariya daga hauhawar wuta, don ka san yadda wutarmu take dawowa da ƙarfi wani lokaci. A kuma binne sandar ƙarfen nan ta ƙasa, mai sauke wutar da ta zube zuwa cikin ƙasa, yadda ya kamata. Gidaje da yawa ba su da ita, kuma motoci da yawa ba za su karɓi caji ba idan babu. Wurin ajiye motar ya kasance rumfa mai inuwa da iska, ba jikin tagar ɗakin kwana ba, ba kusa da janareta da jarkokinsa ba.

Lissafin yau da kullum yana da sauƙi, domin yunit ɗaya na mitar gidanka shi ne ma'aunin da ake auna batir da shi. Matsakaiciyar mota tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, idan ka haɗa da na'urar sanyi da asarar caji ka ɗauka 20. Kilomita 40 ɗinka yunit 8 ke nan, wato caji na sa'a 3 zuwa 4 a soket. Idan ka sa akwatin caji na bango mai kilowat 7, sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Ko da farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, a Afrilun 2024, kilomita 100 naira 4,500 ne. Ka kwatanta da lita 8 ko 10 da motar fetur za ta sha a wannan tazara, a farashin gidan mai na yau. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, kuma a cunkoson Kwari da yamma tana tsaye ba ta cin komai sai na sanyi. Sai dai nauyinta yana sa taya saurin cinyewa.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan samun wuta. Idan unguwarku tana samun sa'a huɗu tabbatattu a rana, ka wuce wurin. Idan da ƙaramin janareta za ka dogara, lita ɗaya da ƙyar take ba da yunit 2, ka ga ka koma sayen fetur ta bayan gida. Sola ta fi: farantai masu ƙarfin kilowat 2 za su iya ba ka yunit 8 a ranar Kano, amma da rana motar tana kasuwa, don haka sai ka haɗa da batirin gida mai ɗaukar wannan adadi. Wasu motocin kuma suna iya ba gida wuta ta kusan kilowat 3 idan an ɗauke, abin da zai riƙe firij da fanka da fitilu har safe. Ka tambaya ko wadda aka nuna maka tana da wannan.

Tafiyar Kaduna ita ce mai ɗan wuya. Tazarar ta kai kusan kilomita 230. Zangon da ake rubuta wa motocin China a takarda an auna shi ne da ma'aunin gwaji na ƙasar da ake kira CLTC, wanda yake da sassauci ƙwarai. A babban titi, da gudu da na'urar sanyi, ka cire kusan kashi 30. Mota mai kilomita 400 a takarda za ta kai ka Kaduna, amma ba za ta dawo da kai ba sai ta kwana a caji. Tun a 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa (NADDC), lokacin Jelani Aliyu yana shugabanta, ta buɗe tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sannan a Legas da Nsukka, amma har yanzu tashoshin saurin caji 'yan kaɗan ne, kuma sun fi yawa a Abuja da Legas. Ka tabbatar da inda za ka yi caji a masaukinka kafin ka bar gida. Ka kuma duba bakin cajin motar: na China daban, na Turai daban, na Amurka daban, kuma mahaɗin da ake sawa tsakani dole ya zama mai inganci.

A kan kula da batir, idan NMC ne ka riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80, sai ranar tafiya ka cika. Idan LFP ne ka cika shi 100 sau ɗaya a mako, don kwamfutar motar ta riƙa karanta ma'auninsa daidai. Kada ka bar ta a cike tana gasuwa a rana. Wayoyi masu launin ruwan lemo da za ka gani a cikinta suna ɗauke da wutar da ta kai bolt 400, kada bakaniken da bai samu horo ba ya taɓa su. Ka koya wa iyali inda mariƙin buɗe ƙofa na hannu yake, domin a wasu motocin ƙofa da lantarki take buɗewa. Idan aka ji ƙarar tartsatsi daga ƙasa, ko wani wari mai kama da na sinadari, ko aka ga farin hayaƙi, kowa ya fita ya yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana, a faɗa musu motar lantarki ce.

Tsakanin biyun, ni sabuwar zan ɗauka, matuƙar batirinta LFP ne mai ruwan sanyi, kuma dillalin ya ba ka garanti a rubuce tare da sunan garejin da zai duba ta da inda kayan gyara za su fito. Ta Amurka kuwa, idan ya ƙi ba ka lambar jikinta ko ya hana a ɗaga ta a duba, ka bar masa abarsa komai arharta. Kafin ka biya ko sisi, ka kira mai wayarin ya duba gidan, Hajiya tana wurin, ta ga inda motar za ta riƙa kwana da layin da za a ja mata.