Shin Manhajar Waya Za Ta Iya Horar da Kunnen Makaɗi?

Tambaya: Malam, ina koyon fiyano a wani situdiyo a Kano. Yatsuna sun saba, amma idan mawaƙi ya ɗauko waƙa sai in yi ta lalube kafin in gano inda muryarsa ta zauna. Manhajojin waya za su taimaka mini?

Amsa: Za su taimaka, ɗan'uwa, muddin ka san abin da kake nema a cikinsu. Kunnenka ba ɗanye ba ne, domin duk Bahaushen da ke bambanta kukan jariri da kukar miya ta hanyar hawa da saukar murya ya riga ya fara wannan karatu tun yana goye. Abin da ya rage maka shi ne sanya wa kowane sauti suna, kuma tsarin sunayen do, re, mi da ake amfani da shi ya samo asali ne daga Guido na Arezzo, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11.

Manhajoji irin su Perfect Ear da EarMaster suna kaɗa maka sauti biyu su tambaye ka tazarar da ke tsakaninsu, kuma hakan yana da amfani. Sai dai ga matsalarka na fi son Functional Ear Trainer, wadda take fara kafa maka sautin gida, wato do, sannan ta kaɗa wani sauti guda ta ce ka faɗi matsayinsa daga gidan. Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa a situdiyo, inda mawaƙi yake yawo da murya amma kullum yana komawa wuri ɗaya ya huta. Don ƙa'idojin rubutun kiɗa kuwa, darussan musictheory.net kyauta ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zauna shiru yana danna amsa. Ka rera sautin da bakinka kafin ka taɓa waya, minti 15 kowace rana, domin abin da maƙogwaro ya iya maimaitawa shi kunne yake riƙewa. Bayan haka ka kunna waƙar gargajiya ta goge ko kuntigi, ka riƙe sauti ɗaya da hanci har ka ji ya daidaita da inda baiti yake sauka, sannan ka neme shi a fiyano. Da yawa daga waƙoƙinmu a kan sautuka biyar aka gina su, don haka da zarar ka kama gida, huɗu kawai suka rage ka nemo.