Shin banki ya girmi tsabar kuɗi?

Tambaya: A makaranta an koya mana cewa mutanen da cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda suke yi, daga baya aka ƙirƙiro tsabar kuɗi, sannan banki ya biyo baya. Haka abin yake?

Amsa: Wannan jeri yana da daɗin haddacewa, amma allunan yumɓu da aka tono a Mesopotamiya, wato ƙasar Iraƙi ta yau, ba su goyi bayansa ba, domin bashi da ajiya da rubuta lissafi sun riga tsabar kuɗi da fiye da shekara 1,000. A can ana auna darajar kaya da sha'ir ko da azurfa, kuma azurfar a kan ma'auni ake ɗora ta, shekel guda kimanin giram 8. Gidajen bauta da fadar sarki su ne manyan rumbuna, suna tara hatsi suna ba da rance.

Dokokin Sarki Hammurabi na Babila, kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ƙayyade ruwan bashi: kashi 20 cikin 100 a kan azurfa, kashi ɗaya bisa uku a kan hatsi. Wanda ya ba da ajiya ba shaidu ba rubutacciyar yarjejeniya, idan aka musa masa, ba shi da bakin ƙara. Manomin da ambaliya ko fari ya cinye gonarsa kuwa, an ɗauke masa biyan hatsi da ruwan bashin wannan shekara.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na fataken birnin Assur da ke arewacin Mesopotamiya, waɗanda tun wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa suke kora ayarin jakuna ɗauke da kuza da yadi zuwa Kanesh, a Turkiyya ta yanzu, su komo da azurfa. An samu allunansu sama da 20,000, har da wasiƙun mata masu saƙa suna tuhumar mazajensu kan azurfar yadin da ba ta iso ba. Mutane kan haɗa jari su danƙa wa falke ɗaya na tsawon shekaru, a raba riba.

Tsabar kuɗi sai a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa ta bayyana a Lidiya, wata masarauta a yammacin Turkiyya ta yanzu, da gaurayen zinariya da azurfa mai hatimin kan zaki. Sai dai a yi hattara da kiran waɗancan mutane ma'aikatan banki, domin ko iyalin Egibi na Babila, da suka shahara a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa wajen karɓar ajiya da ba da rance, asalinsu 'yan kasuwa ne masu harkar gonaki da hatsi.