Ku Tambaya Mu Amsa: Tawadar da Ba Ta Wankuwa

Wasiƙun wannan fitowar sun fi yawa a kan tatu, wato zanen da ake yi wa jiki da allura da tawada. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Ɗana mai shekara 22 ya dawo daga karatu da zane a damtsensa. Da na tsare shi sai ya ce ranar rasuwar mahaifinsa ce ya rubuta. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Yaron nan ya shiga miyagun abokai ke nan?

Amsa: Mama, Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya ba ku haƙuri. Zanen shi kaɗai ba ya nuna an lalace, kuma dalilin da ya ba ki shi ne dalilin da ya fi yawa a bakin masu yi. A 2023 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi manya a Amurka, ta samu kashi 32 cikin 100 suna da tatu. A cikinsu kashi 69 sun ce sun yi ne don tunawa da wani mutum ko wani abu, ko girmama shi. Kashi 47 sun ce don bayyana abin da suka yi imani da shi, kashi 32 kuma don ado. Ta yiwu yaronki baƙin cikin da ya kasa furtawa ne ya ɗora a kan fata.

Sai dai tsoronki ma yana da tushe. Girkawa da Romawa na dā suna yi wa bayi da masu laifi zane don kowa ya gane su. A Japan an taɓa yi wa masu laifi haka, gwamnati ta haramta sana'ar a 1872, ba a ɗage ba sai 1948, kuma har yau gidajen wanka da yawa a can ba sa barin mai zane ya shiga saboda ana danganta shi da 'yan daban Yakuza. 'Yan Nazi sun rubuta wa fursunonin Auschwitz lamba a jiki. Amma wurin Mawori na New Zealand zanen fuska nasaba ce da daraja, har Nanaia Mahuta ta zama ministar harkokin waje a 2020 da zanenta a haɓa. Allura ɗaya, tawada ɗaya, fassara daban.

Abin da za ki duba ya wuce damtse: barcinsa, kuɗin da ke hannunsa, sakamakon karatunsa, waɗanda ke zuwa wurinsa. In waɗannan lafiya lau suke, to ki zaunar da shi ku yi zancen mahaifin nasa kafin zancen zanen. In kuma kin fara da tsinuwa, zane na biyu a inda ba za ki gani ba zai yi shi.

Tambaya: Na yi tatu kafin in san hukuncinsa. Alwalata tana yi kuwa?

Amsa: Malam, galibin malaman Sunna sun haramta yin sa, hujjarsu hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim wanda ya la'anci mai yi da wadda ake yi wa. Wasu manyan malaman Shi'a sun halatta. Yahudawa suna kafa hujja da Littafin Firistoci 19:28 wajen hani, Kiristoci kuma sun rabu a kan ayar, har Kibɗawan Masar suna da al'adar zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu.

Batun alwala kuwa, abin da ilimin fata ya tabbatar shi ne tawadar tana ƙarƙashin fatar sama, don haka ba ta hana ruwa taɓa jiki yadda fenti ko jan farce ke hanawa. Malamai da yawa na wannan zamani sun ce alwala da wanka sun inganta, kuma wanda ya tuba ba a tilasta masa gogewa in gogewar za ta cutar da shi. Akwai magabata, musamman a mazhabar Shafi'i, da suka ce a cire in babu cutarwa. Fatawa ta malaminka ce. Ka dai kai masa bayanin fatar daidai.

Tambaya: Me ya sa ba ya gogewa, alhali an ce fata tana sabuntawa? Kuma wane haɗari ke ciki?

Amsa: Fata hawa-hawa ce. Ta sama tana zubewa tana sabuntawa cikin kamar mako huɗu. Ƙarƙashinta akwai ta tsakiya mai jijiyoyin jini, sai kitse a can ƙasa. Injin zane, wanda Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a New York a 1891, yana soka allura daga sau 50 har zuwa 3,000 a minti, zurfin milimita 1 zuwa 2, don tawadar ta sauka a ta tsakiya. Jiki yana ɗaukar ta a matsayin baƙuwa, sai ya turo fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta. Ƙwayar launin ta fi ƙarfinsu, ba sa iya narkar da ita, sai su zauna a wurin da ita a ciki. In sun mutu sababbi su ɗauka. Abin da kake gani ta cikin fata ke nan. Ɗan abin da ya yi ƙanƙanta yana tafiya zuwa kaluluwa, shi ya sa likitocin tiyata kan tarar da kaluluwar hammatar mai zane ta rine.

Dabarar tsohuwa ce. Gawar Ötzi da aka tsinta a ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, mai shekara kusan 5,300, tana da zane 61 da aka yi da baƙin gawayi, da yawansu a kan gaɓoɓin da ciwo ya ci.

Gwanintar duka a zurfin take. In allura ba ta kai ba, tawada ta fita tare da ɓawo, zanen ya yi dabbare-dabbare. In ta zarce zuwa kitse, tawada ta bazu, layin ya yi wani shuɗi-shuɗi a gefe kamar rubutun biro a jiƙaƙƙiyar takarda, kuma wannan ba ya gyaruwa da kansa. Ya fi faruwa inda fata ba ta da kauri: wuyan hannu, yatsu, cikin damtse.

Haɗarin farko cututtukan jini ne, ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau duk da shi ya fi wuyar ɗauka ta wannan hanya. Birnin New York ya hana sana'ar daga 1961 zuwa 1997 bayan ɓarkewar ciwon hanta. Dole allura ta zama sabuwa, a yage ledarta a gaban wanda za a yi wa zanen, a zuba tawada a ƙaramin kofi a zubar da ragowar, mai aiki ya sa safar hannu. Kayan ƙarfen da ake maimaitawa sai sun shiga tukunyar tururi ta asibiti, zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Tafasasshen ruwa ko goga sifirit ba su wadatar ba. Ita kanta tawadar tana iya zuwa da cuta: a ƙarshen 2011 mutum 19 sun kamu a Rochester ta jihar New York daga tawada ruwan toka da ta gurɓata tun daga kamfani.

Na biyu, jiki ya ƙi launin. Ja ne ya fi kawo wannan, wurin ya yi ta ƙaiƙayi yana tudu, wani sa'in bayan shekaru. Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarai fiye da 4,000 a tawadar zane tun Janairun 2022.

Na uku, kuma shi masu duhun fata suka fi kamata su ji, tabon nan mai tsiro da ke wuce girman ciwon, wanda likitoci ke kira kiloid. Duk wanda hujin kunne ko ƙurji ya taɓa bar masa irinsa, ko yana cikin danginsu, ya haƙura kawai, musamman a ƙirji, kafaɗa da saman baya. Kada kuma a bi ta kan tawadar Allah, domin canjin launinta ko girmanta shi ne alamar farko ta sankarar fata, zane kuma zai rufe ta.

Saman wurin yana warkewa cikin mako 2 zuwa 4. A wanke da sabulu marar ƙamshi sau biyu a rana, a shafa mai kaɗan-kaɗan, ba a ɓantare ɓawo, ba a jiƙa shi cikin ruwa, ba a shanya shi a rana. Ja da ɗan kumburi na kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Amma in zafin ƙaruwa yake maimakon raguwa, ko ga mugunya, ko zazzaɓi, ko jan layi yana hawa sama daga wurin, asibiti ne a ranar.

Tambaya: Ina so in rubuta sunan saurayina a bayan hannuna, da rubutun Japanawa don kada kowa ya gane. Me kuka gani?

Amsa: 'Yar'uwa, kin haɗa abu uku da suka fi kai mutane wurin gogewa: sunan masoyi, rubutun da ba a iya karantawa, da wurin da ba ya ɓoyuwa.

Fara da rubutun. A 2019 mawaƙiyar Amurka Ariana Grande ta sa an rubuta mata haruffan Japananci biyu a tafin hannu da nufin "zobba bakwai". Haɗuwar haruffan a harshen tana nufin ƙaramin murhun gasa nama. Ita da ke da masu ba ta shawara ke nan. Larabci ma yana shan wannan wulaƙanci, kwamfuta ta raba haruffan ko ta juya su daga hagu, mai zane ya kwafa yadda ya gani. Alamomi ma haka: ɗigon hawaye a ƙasan ido ko saƙar gizo-gizo a gwiwar hannu suna da ma'anar gidan yari a wasu ƙasashe, ko mai su ya sani ko bai sani ba. Ke kin san abin da kike nufi, amma mai kallo ba zai tsaya tambayarki ba.

Sai wurin. Hannu da yatsu suna shan wanki da rana da gogayya, zanensu ya fi saurin dusashewa. Kuma tawada tana ɗan bazuwa da shekaru ko ina take, don haka ƙananan haruffa masu matsatsin layi kan haɗe su zama ɗigo. Masu sana'ar da yawa ba sa yarda su fara wa mutum da hannu, wuya ko fuska, saboda sun san abin da ke biyo baya wajen neman aiki. Ko rundunar sojan ƙasa ta Amurka, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin uku ke da zane, sai a 2022 ta yarda da guda ɗaya a kowane hannu wanda bai wuce inci ɗaya ba, fuska kuma har yanzu a'a. Kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa ɗaukar ma'aikacin cikin jirgi da zanensa ke fita daga kayan aiki.

Batun sunan kuwa, ba mu yi miki mugun fata ba. Amma binciken Pew ɗin nan ya samu kashi 24 cikin 100 na masu zane suna nadamar aƙalla guda ɗaya. Sunan mamaci ba ya canza matsayi. Na saurayi yana iya canzawa kafin ɓawon ya gama faɗuwa.

Tambaya: Na gaji da nawa. An ce in goga gishiri ko in sa ruwan batir. Gaskiya ne?

Amsa: Kul! Ɗan'uwa, tawadar tana milimita 1 zuwa 2 a ciki, duk abin da zai kai gare ta daga waje sai ya cinye fatar da ke samanta. Gishiri, ruwan batir, zafin ƙarfe, duka ƙuna suke bari, sau da yawa kuma ga tabo ga ragowar zane. Mayukan da ake tallatawa a intanet ko dai ba sa kaiwa, ko suna ƙonawa.

Hanyar da ta tabbata ita ce hasken leza a hannun likitan fata. Hasken yana dukan ƙwayar launi cikin ƙiftawar da ba ta kai ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ba, ya farfasa ta ƙanana, sannan jiki ya kwashe a hankali. Shi ya sa ake barin mako 6 zuwa 8 tsakanin zama da zama, kuma zanen ƙwararre kan ci zama 6 zuwa 12, wato daga kusan wata bakwai zuwa fiye da shekara guda. Baƙi ya fi sauƙin fita. Kore, rawaya da shuɗi mai haske suna da taurin kai. Fari da mai launin fata kuwa sukan koma baƙi nan take in haske ya taɓa su, don haka likita mai hankali zai gwada ɗan wuri tukuna. Na idon sawu da yatsu ya fi jinkiri a kan na ƙirji saboda ƙarancin gudun jini, mai shan taba ma nasa ya fi daɗewa.

In fatarka mai duhu ce, tambayi irin na'urar kafin ka kwanta. Wadda ta dace ita ce lezar da ake kira Nd:YAG, mai dogon zangon haske na nanomita 1064, domin launin fatarka ba ya shan haskenta sosai. Masu gajeren zango suna iya cinye launin fata tare da tawada, su bar maka farin tabo mai siffar zanen da kake gudu. Ƙaramin zane ana iya yanke shi a ɗinke, ya bar layi ɗaya. Kuɗin gogewa dai ya kan ninka na yi sau da yawa, zafinsa ma ba ƙarami ba ne.

Tambaya: Mai tatu zai iya ba da jini, ko shiga na'urar hoton MRI?

Amsa: Zai iya duka biyun. Jini sai an jira: wata 4 a Birtaniya, wata 3 a Amurka in ba a wurin da hukuma ke sa wa ido aka yi ba, don gwaji ya iya gano cutar da aka ɗauka. Kowace ƙasa da ƙa'idarta, a tambayi masu ɗibar jinin. A MRI kuwa, wasu tawadu suna da sinadarin ƙarfe, jefi-jefi wurin kan yi ɗumi ko ɗan zugi. A gaya wa ma'aikacin tun kafin a shiga, har da na gira ko gefen ido da mata ke yi don kwalliya, in kuma an ji zafi a matsa ƙararrawar da aka ba ka a hannu.