Manga ko manhwa, wanne ya fi iya soyayya?

Kina tambaya tsakanin manga na Japan da manhwa na Koriya, wato labaran da ake bayarwa cikin zane-zane, wanne ya fi iya labarin soyayya. Ni dai manga nake gani, in har haƙuri gare ki, don riƙe hannu kaɗai sai an ci babi da yawa, amma kafin a furta so kin gama sanin halin kowa.

Manhwa kam ga kala ga daɗin karantawa a waya, matsalar yawanci mako-mako ake sakinsa, dole kowane babi ya ƙare da abin da zai dawo da ke, shi ya sa saɓanin da magana biyu za ta warware sai a yi ta jansa. Kuma namijin sau da yawa attajiri ne mai ɗaure fuska, kishi kamar hauka wai shi so.