Amsa: Me ya bambanta Mustang na farko da P-51D?

Malam, ka tambaya me ya sa ake yabon jirgin yaƙin P-51 Mustang na Yaƙin Duniya na Biyu alhali ka karanta cewa da farko bai taka rawar gani ba. Duka biyun gaskiya ne, sirrin yana cikin injin.

Kamfanin North American ya ƙera shi ne domin Ingila, ya fara tashi a Oktoban 1940 da injin Allison V-1710. A ƙasa-ƙasa jirgin yana da gudu sosai, amma da ya haura ƙafa 15,000 sai ƙarfinsa ya ragu, domin na'urar da ke cusa wa injin iska mataki ɗaya ce kawai, ga iskar can sama ba ta da kauri. Shi ya sa Ingila ta fi amfani da shi wajen leƙen asiri daga ƙasa-ƙasa.

A 1942 kamfanin Rolls-Royce na Ingila ya gwada sa masa injin Merlin mai na'urar mataki biyu, sai jirgi ya zama wani abu daban. Kamfanin Packard ya riƙa ƙera Merlin ɗin a Amurka da sunan V-1650. P-51B da P-51C, samfuran da suka zo da wannan injin, kusan jirgi ɗaya ne, B a garin Inglewood aka haɗa shi, C kuma a Dallas, duk a Amurka. Su ne suka raka jiragen bama-bamai har Berlin, babban birnin Jamus, a Maris 1944.

P-51D kuwa ya zo da murfin gilashi mai kumburi da ke ba matuƙi damar ganin bayansa, da bindigogi shida maimakon huɗu. A ganina wannan murfin ya ceci rayukan matuƙa da yawa.