Amsa ga mai tambaya kan zuwa aiki Bududa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an turaka aiki gundumar Bududa a Uganda, kana tambaya ko maganar zaftarewar ƙasa da gaske ne. Wallahi da gaske ne. Wurin a jikin dutsen Elgon yake, gangare ne sosai kuma mutane sunyi yawa, an sare daji ana noman gahawa da ayaba har can sama, to in ruwa ya kwana biyu yana zuba sai ƙasar ta jiƙe ta taho gaba ɗaya. A watan Maris 2010 haka ta rufta kan ƙauyen Nametsi da daddare, harda asibitin garin, an rasa ɗaruruwan mutane. Oktoba 2018 kuma kogin Suume ya kwaso laka da manyan duwatsu a Bukalasi, sama da mutum 40 suka rasu.

Gwamnati ta kwashe wasu zuwa gundumomin Kiryandongo da Bulambuli amma da yawa sun dawo saboda gonakinsu, ni dai ban ga laifinsu ba.

Dan Allah karka kama ɗaki a bakin rafi ko ƙarƙashin gangare. In kaga ƙasa ta tsage ko itatuwa sun karkata, bar wajen ranar, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin damina.