Tambaya da Amsa: Ta yaya awon ciki zai haura kashi 100?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramar hukuma. Rahotonmu ya nuna kashi 115 cikin 100 na masu ciki sun zo awo a wata mazaɓa, maƙwabciyarta kuwa kashi 40. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, galibi ba a rajistar awo take ba, tana a adadin da kika raba da shi, wato yawan masu cikin da aka yi hasashe.

Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Ana ɗaukar adadin wancan lokaci a riƙa ƙara kusan kashi 3.2 kowace shekara, sannan a ware kashi 5 a matsayin masu ciki, kashi 4 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Mazaɓar da aka yi hasashen tana da mutum 40,000 ke nan tana da masu ciki 2,000 a shekara. In mata 2,300 suka zo, sai DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, ta fitar da kashi 115. Wannan lissafi bai san 'yan gudun hijira sun cika Maiduguri ba, bai san mata na tsallake asibitin unguwarsu su nufi wanda suka fi yarda da shi ba. Kashi 5 ɗin ma bai dace da ko'ina ba, tunda haihuwar Katsina ta fi ta Legas nesa ba kusa ba.

Ga yadda za ki gwada. Ɗauki yawan yaran da aka yi wa allurar rigakafin Penta (mai kare jarirai daga cututtuka biyar) ta farko a shekara, misali 1,800. In binciken NDHS, wato binciken ƙasa kan al'umma da lafiya, ya ce kashi 60 ke samunta a jiharku, raba 1,800 da 0.6: jarirai 3,000. Ƙara waɗanda suka rasu kafin mako shida, domin sai lokacin ake yin allurar. Kin sami waɗanda aka haifa da rai. Rage kaɗan saboda tagwaye, ƙara waɗanda suka zo babu rai da ɓari, sai yawan ciki ya fito.

Sai dai a kula: alkaluman NDHS na jiha ne, don haka hanyar ta fi aiki a jiha ko babbar ƙaramar hukuma. A mazaɓa, gara ki haɗa maƙwabtan biyu ki lissafa tare, ko ki sa masu unguwanni da ungozomomi su ƙirga masu ciki gida-gida. Ki kuma duba rajista, don macen da ta sauya asibiti akan sake rubuta ta a matsayin sabuwar zuwa.